Yadda Ake Sakin Hannu a Poka Kafin Tumaki Su Bushe

Kai mai riƙe da wannan takarda, na san ciwonka. Kana zama a teburin poka, cacar kartar nan ta 'yan kwandaloli, kamar mai gadin banki. Karta ta zo, ka leƙa, ka zubar. Ta sake zuwa, ka leƙa, ka zubar, kana jiran sarakuna biyu waɗanda ba su ma san da zamanka ba. Ka tashi ba ka ci ba, ba a cinye ka ba, ba kuma wanda zai iya tuna launin rigarka. Bi matakan nan bakwai, na yi maka alkawari cikin kwana uku za ka zama mutumin da ake ja wa kujera tun bai ƙaraso ba. Ban ce wataƙila ba. A kaina na gwada, a wata rumfar askin tumaki da ke yamma da garin Ivanhoe, kuma shaidu huɗu suna nan da ransu, biyar har da mai girki.

Mataki na ɗaya: Samu ruwan sama, ka samu dalili

Ba a aske tunkiya a jiƙe, wannan ko ɗan koyo ya sani. Saboda haka idan sama ta tsage ranar Litinin da hantsi, hanya ta koma kunun jar ƙasa, ba abin da ya rage wa masu aski biyar sai teburin kicin na Goggo Bev mai girki, daga bayan abincin rana zuwa ƙarfe huɗu da za ta kore mu ta fere dankali. Dala ashirin kowa, a kwandaloli. Karta biyu a hannunka, biyar a tsakiya na kowa da kowa, wanda haɗinsa ya fi ƙarfi ya kwashe. Iyaka kuwa babu: duk sa'ad da ka ga dama kana iya tura duk abin da ke gabanka.

Amma ruwa kaɗai ba ya sakin hannun mutum. Sai da dalili. Nawa dalilin sunanta Marama.

Mako bakwai injin askinta yana maƙwabtaka da nawa. Tana aske ɗari da tamanin a wuni, ni casa'in idan tumakin sun ji tausayina. Idan ta sunkuya a kan tunkiya, ulu yana zamewa ne a dunƙule kamar ana tuɓe wa jariri bargo ba tare da ya farka ba. Na karanta littattafan soyayya cike da jaka biyu, na haddace yadda maza suka yi magana a bakin teku da tashar jirgi, amma duk abin da na iya ce mata a mako bakwai shi ne "ina kwana" da "ara mini mai."

Tumaki ɗari shida suka rage, aikin wuni guda. Ranar da aka aske ta ƙarshe, Marama da yayanta Hemi za su kama hanyar kudu zuwa Hamilton, ni kuma in koma Dubbo wurin mahaifiyata da bakina a ɗinke. Ka gane ke nan: lokacina shi ne lokacin da ulu zai ɗauka ya bushe.

Mataki na biyu: Ajiye littafin

Masanan poka sun ce a cikin hannu goma, wato rabon karta goma, ka zubar da takwas. Na karanta uku daga cikinsu, kuma ina jin ba wanda ya taɓa son kowa a cikinsu. Wanda ya zubar da kartarsa ya zama ɗan kallo, ɗan kallo kuwa ba a kallonsa.

Ranar Litinin na bi littafi. Awa biyu, hannu uku na shiga. Sau ɗaya tak Marama ta dube ni, ta ce, "Farfesa, miƙo sukari." Farfesa suke ce mini saboda jakunkunan nan biyu. Sunana Fergus, amma rabon da in ji shi tun watan Agusta.

Des, tsohon da bayansa ya lanƙwashe kamar ƙugiya, ya leƙo fuskata ya ce wa abokinsa, "Clarrie, taɓa shi mu gani. Anya bai cika ba?"

"Bar shi," in ji Clarrie. "Kwandalolinsa yake kwanci, jira yake su ƙyanƙyashe."

Marama ta yi dariya. Ba da ni ta yi ba, a kaina ta yi, amma ita ce dariyar farko da na zama sanadinta, kuma a take na fahimci abin da masana suka ɓoye mana.

To ga sabuwar doka, rubuta. Idan kartocinka biyu launinsu ɗaya, shiga, 'yan gida ɗaya ne. Idan lambobinsu na bin juna, shiga, maƙwabta ne. Idan akwai giɓi a tsakani, shiga, ai don a cike giɓi aka shimfiɗa biyar a tsakiya. Idan ba launi, ba maƙwabtaka, ba alamar alheri ko ta ina, to ɗaga kai ka duba ko ita ta shiga. In ta shiga, kartarka ta yi kyau.

Mataki na uku: Zaɓi wurin zama

Littafi ya ce ka zauna inda za ka zama na ƙarshen magana, ka ga abin da kowa ya yi kafin ka motsa. Gaskiya ne, in kuɗi ka zo nema. Kai zauna daura da ita, inda hasken taga ke sauka a gefen fuskarta. Za ka riƙa magana a gaban kowa kamar makaho mai jan gora, amma za ka ga yadda take cije leɓe idan ta samu karta mai kyau. Ni na gani sau goma sha ɗaya. Ban taɓa tuna cewa alama ce ta in gudu ba sai bayan ta kwashe.

Alamar da za ta nuna maka ka fara ƙwarewa ita ce manya su fara rigima a kan kujerar da ke hagunka. Ranar Talata Des da Clarrie sun kusa karya ta.

"Ni na riga ka, tsohon banza."

"Hulata na kai tun da safe!"

"Hula ba ta da gindi, Des. Matsa."

Raina ya yi fari. Mako bakwai ba wanda ya damu da inda na zauna, yau ga dattawa biyu suna ja-in-ja don kusanci da ni.

Mataki na huɗu: Kada ka yi wa Des burga

A kowane ƙaramin tebur akwai Des. Shi ne mutumin da ba ya zubar da karta, don ya riga ya biya kwandala ɗaya kuma yana son ya ga ƙarshen labari. Hannu sakakke yana bukatar burga, wato ka tura kuɗi da fuskar zaki alhali ba ka da komai, amma ka zaɓi wanda za ka yi wa. Na tura dala shida, na haɗe gira, na kafa masa ido yadda jarumai ke yi. Ya bi ni yana tauna biskit, ya cinye ni da uku guda biyu.

"Ɗana," ya ce, "rago ya taɓa karya mini haƙarƙari huɗu na gama wunin. Girarka ce za ta kore ni?"

Riƙe wannan: mutumin da ba ya kallon fuskarka, ba amfanin gyara masa ita.

Mataki na biyar: Ji tsoron nasara

Ga abin da ba a gaya maka game da sakin hannu. Idan kana shiga da kowace shara, wata rana shara za ta haɗu ta zama gini, kuma ba wanda zai yarda kana da komai.

Talata wajen ƙarfe uku, ruwa ya tsagaita, kwanon rufi ya yi shiru. Na leƙa: bakwai da huɗu. Marama ta ɗora dala biyu, ta cije leɓe. Na bi, mana. Tsofaffin suka janye, muka rage ni da ita, abin da nake roƙo tun jiya. Aka shimfiɗa uku na farko: biyar, shida, takwas. Sai da na ƙirga sau biyu da yatsun ƙafa kafin na yarda: huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas, jere cif, haɗin da ke da wuyar bugewa.

Ta dube ni ido cikin ido, karo na farko da ya wuce daƙiƙa biyu.

"Farfesa, me kake da shi a nan? Waƙa?"

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta ɗauka tsoro ne, ta tura duk abin da ke gabanta. Zuciyata ta ce zubar, ka bar mata. Hannuna, wanda kwana biyu nake koya masa kada ya zubar da komai, ya riga ya bi.

Sarauniyoyi biyu gare ta. Ta dubi bakwai da huɗuna kamar ta ga kaska a kunnen kare.

"Da wannan ka bi dala biyu? Da wannan?"

"Sun yi mini kama da masu rabo," na ce.

"Madalla." Ta miƙe, ta ɗauki kofinta. "Kawu Clarrie, na tafi wasa haƙoran injina. Ba na ƙara ashirin a teburin da hankali ba ya aiki."

Ta fita. Na zauna da tulin kwandaloli har haɓa, da dattawa biyu masu kallona kamar gasasshiyar cinya. Daga rumfa ina jin kukan dutsen wasa. Ban taɓa cin kuɗi mai ɗaci irin wannan ba, kuma ban daɗe da shi ba: kafin Goggo Bev ta zo da buhun dankalinta, Des da Clarrie sun sauke mini nauyin gaba ɗaya, har da wani ashirin ɗin da na ciro daga safa.

Goggo Bev ta goge teburin ta gaban hancina. "Yaro, in kana da magana da mutum, ƙafa ake takawa a je. Ɗaga gwiwar hannunka."

Ban je ba. Ina da tsari.

Mataki na shida: Sayi lokaci

Wannan matakin abin kunya ne, shi ya sa na jinkirta shi.

Laraba gari ya waye tas. Iska ta kwana tana kaɗawa, rana ta fito da ƙarfinta, tsuntsayen aku masu ruwan hoda suka cika waya suna ihu. Ɗan kwangilar da ya ɗauke mu aiki ya sa aka koro tumaki cikin rumfa. Ƙa'idar ita ce kowane mai aski ya aske biyu, sannan a yagi takarda, kowa ya rubuta "a jiƙe" ko "a bushe" a ɓoye, a jefa cikin gwangwanin shayi. Abin da ya fi yawa shi za a bi, kuma ko mai gona ba shi da bakin magana. An yi ƙa'idar ne don lafiyar ƙashin mutane, domin jiƙaƙƙen ulu yana shiga gaɓɓai, ba don samari masu nauyin baki ba. Ranar da aka ce a jiƙe, ba wanda zai samu ko sisi, tunda a kan kowace tunkiya ake biya.

Na kamo ta farko. Ulunta a bushe yake ƙayau kamar burodin jiya. Ta biyu har ƙura take yi.

Na tafi bayan buhunan ulu da guntun fensir. Na tuna Hemi da 'ya'yansa huɗu. Na tuna yadda Marama ke neman cika ɗari biyu a wuni kafin ta bar wannan rumfa. Na tuna motarsu tana ƙanƙancewa a kan hanyar kudu. Sai na rubuta "a jiƙe" da hannun hagu don kada a gane rubutuna, ina gaya wa kaina ƙuri'a ɗaya ce cikin biyar, ba za ta canza komai ba, kuka ne kawai na zuciya da ba wanda zai ji.

Clarrie, wakilinmu, ya juye gwangwanin a kan teburin tantance ulu.

"A bushe. A bushe. A jiƙe." Ya ɗan tsaya. "A jiƙe. A jiƙe. Uku da biyu. A kashe inji."

Ɗan kwangila ya damƙi ulu ya murza a gaban fuskokinmu. "Wannan? Wannan ne a jiƙe? Ashana ɗaya ta ishe shi!" Ya buga hularsa da ƙasa. Hemi ya rataye injinsa ya wuce ɗaki.

Ni kuwa lissafi nake. Ɗaya tawa ce. Ɗaya ta Des, don bayansa kullum neman hutu yake. Hemi ba zai yar da wunin aiki ba. Clarrie shekara arba'in yana aski, an san shi daga nan har Longreach da cewa bai taɓa yi wa tunkiya ƙarya ba. Saura wa? Na juya na dubi Marama. Tana tsaye ta ba mu baya, tana goge hannu da tsumma a hankali.

Ɗan'uwa, na fita bayan rumfa na rungumi tankin ruwa.

Mataki na bakwai: Tura duka

Wasan da ba iyaka amfaninsa ɗaya ne: akwai lokacin da za ka daina tsakura. Jira har ku rage ku biyu. Kada ka damu da kartarka. Ni tara da biyu gare ni, launi daban-daban, hannun da ko Des zai yi tunani a kansa.

Marama ta dawo teburin ne, in ji ta, don zama a ɗaki tana kallon busassun tumaki ta taga zai haukata ta. Ban ji wannan ba, ko na ji na ɗauka kunya ce. Da ƙarfe biyu da rabi ta ɗora dala uku, tsofaffin suka janye. Na sa tafin hannu biyu na ture kwandalolina gaba ɗaya zuwa tsakiya, wasu suka gangara ƙasa.

"Marama," na ce, "na san abin da kika rubuta da safe."

"Ai kowa ya sani. A bushe. Da manyan baƙaƙe na rubuta, har fensirin ya huda takardar."

Wuƙar Goggo Bev ta tsaya a kan albasa.

"To... ta ukun fa?" na ce.

Clarrie ya yi gyaran murya, ya hau nazarin silin. Des ya sa hula ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza.

"Kawu Clarrie!" in ji Marama. "Kai?"

"'Yata, shekara arba'in ban yi wa tunkiya ƙarya ba," ya ce a natse. "Amma shekara arba'in ban taɓa zama a hagun ɗan wasa irin wannan ba. Irinsa sau ɗaya yake ratsowa a rayuwar mutum. Mu bar shi ya tafi Dubbo da sauran kwandaloli a safa? Ai alhaki ne."

Des ya ɗaga hular. "Ni wallahi bayana ma ya yi sauƙi tun Litinin."

Marama ba ta yi dariya ba. Ta kife kartarta, ta juyo gare ni, na ga abin da tumaki ke gani idan ta buɗe ƙofar shinge.

"Wato kai ne ɗayan. Ka ci mini wuni. Ka ci wa Hemi wuni. Su waɗannan ɓarayin na san abin da suke so. Kai me kake so?"

Na dubi tebur.

"A'a, dube ni. Mako bakwai ina ajiye gorar ruwana a ɓangarenka, ina tsallake ka sau goma a wuni in ɗauka. Ka zaci ba ni da ƙusa a nawa bangon? Kwana uku kana bi na da kowace shara, in na zubar ka zubar, in na shiga ka shiga, har karnuka sun gane. Minti nawa nake aske tunkiya, Kawu?"

"Biyu da 'yan kai," in ji Clarrie.

"Na ba ka biyu. Goggo, duba agogo."

Nan ne ya kamata jakunkuna biyu na littattafai su yi ranarsu. Na laluba. Bakin teku ya gudu, tashar jirgi ta gudu, wata da taurari ba wanda ya tsaya. Goggo Bev ta ce saura rabin minti. Abin da ya fito daga bakina, da muryar ɗan akuya, shi ne:

"Akwai wuri a motarku?"

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta karkata kai wajen taga ta ƙwala kira.

"Hemi! Akwai wuri a mota?"

Daga ɗakin kwana murya ta taso, a dakushe. "Wa?"

"Farfesa!"

Hemi ya ce, "Kujerar baya, shi da karnuka. Awa tara. In ya karanta mini waƙa zan sauke shi a daji."

"Ka ji," in ji ta. "Gobe kuma takardarka a gabana za ka rubuta ta, da hannun dama. Ka kuma je ka ba Hemi haƙuri da bakinka, tunda yanzu mun ga yana aiki." Ta buɗe kartarta, sarki da goma. "Na bi."

Aka shimfiɗa biyar ɗin. Ba tara, ba biyu. Ta sa hannu ta jawo tulin gabanta, har da waɗanda suka faɗi ƙasa ta sa na tsinto mata.

"Kuɗin mai," ta ce.

Gargaɗi

Marubucin wannan darasi ba ya ɗaukar alhakin ko kwandala ɗaya da ta bar aljihunka, ko dattijon da ya fara kiranka "ɗana" ba gaira ba dalili. Caca hanya ce ta tsiya, kuma duk wanda ya gaya maka tara da biyu hannu ne, maƙaryaci ne ko da ni ne. Wanda ya rubuta ƙarya a takardar ƙuri'a ya shirya tsayawa a gaban mutum mai 'ya'ya huɗu yana inda-inda, ya kuma shirya share masa wurin aiki har ƙarshen kaka, kamar yadda nake yi yanzu. Gashin kare a riga, ciwon wuya, da wani kare mai suna Sanata da ya kwana a cinyata tun daga Ivanhoe, duk ba a mayar da kuɗinsu.

Abin da ya faru a garin Hay kuwa, da muka tsaya shan mai, Marama ta bar kujerar gaba ta buɗe ƙofar baya, ta ture Sanata gefe ta zauna, wai warin safar Hemi ya ishe ta, wannan ba ya cikin darasi. Ban san yadda aka yi ba, kuma ba zan iya koya maka ba.